Yadda ake haɗa shigar sauti da wuta a amfilifayar LM386

Idan ƙaramar amfilifayar da ka haɗa da hannunka tana gurnani ko ta yi shiru, kada ka yi saurin zargin IC, wato ita LM386, 'yar na'urar da ke ƙara ƙarfin sautin. Mafi yawan matsalar daga wayoyin shigar sauti take, ko daga wajen ba da wuta.

LM386 tana da ƙafafu takwas. Ka juya ta yankan da ke jikinta ya dubi sama, ƙafa ta 1 tana hagu a sama, ka ƙirga ƙasa zuwa 4, sannan ka haura ta dama daga 5 zuwa 8. Ƙafa ta 6 ce ke shan fosatif, ta 4 nagetif, ta 3 ke karɓar sauti, ta 5 ke fitar da shi. Ƙafa ta 2 ka ɗaure ta da nagetif.

Jak ɗin 3.5mm da za ka soka a wayar salula ya zama mai layi uku: bakinsa hagu, zoben tsakiya dama, gindinsa nagetif. Tunda sifika ɗaya za ka sa, dole hagu da dama su haɗu, amma kada ka murɗe su wuri guda kai tsaye, domin kowane ɓangare zai riƙa tura wuta cikin ɗan'uwansa, sauti ya shaƙe, wayar ma ta wahala. Sa rezista 1k a kan kowanne, ka haɗa ƙarshensu, daga nan ka bi ta kafasita 1µF zuwa ƙafar gefe ɗaya ta bolum mai 10k. Ɗaya ƙafar gefen ta tafi nagetif, ta tsakiya kuwa ta tafi ƙafa ta 3. In ka ga bolum na aiki a baibai, musanya ƙafafun gefen biyu. Wayar da za ta ɗauko sautin ta zama mai raga a jiki, gajeriya, kuma nesa da wayar sifika. Wannan kaɗai na rage gurnanin da ke damun mutane.

Wajen fita, kafasita 220µF daga ƙafa ta 5 zuwa sifika mai 8 ohm, fosatif ɗinta na duban IC. Ƙara rezista 10 ohm da kafasita 47nF a jere daga ƙafa ta 5 zuwa nagetif. Ƙafa ta 1 da ta 8 ka bar su a sake tukuna: haka tana ninka sauti sau 20, kuma ya wadatar ga wayar salula. Sa kafasita 10µF tsakaninsu na kai shi sau 200, ya ninka ƙazantar layin gaba ɗaya.

Sai batun wuta, inda aka fi ƙona kaya. LM386N-1 tana aiki daga 4V zuwa 12V, kuma 9V ne ya fi mata daɗi. Batirin sola ko na mota da ake kira 12V yakan nuna 12.6V in ya cika, ya haura 14V yana kan caji, don haka ka tsare ta da regiletar 7809, mai sauke wutar zuwa 9V. Haka tiransifoma mai 9V, bayan diyod huɗu da kafasita za ta ba ka fiye da 11V. Auna da mita kafin ka jona. Diyod 1N4007 a layin fosatif zai ci kusan 0.7V, amma zai cece ka ranar da ka juya batir.

Dab da ƙafa ta 6 ka dasa kafasita biyu zuwa nagetif, 100nF da 470µF mai jure 25V. In babu su, ko batir ya yi sanyi, za ka ji tana bugawa but-but-but kamar injin kwalekwale. Nagetif na batir, na sifika da na jak kowanne ya zo da wayarsa su haɗu a ɗigon dalma ɗaya kusa da ƙafa ta 4. Idan wutar sifika ta bi ta nagetif ɗin jak, sai ta dawo ta mashiga ta zama kuka.

Gwajin farko ka yi da batir, bolum a ƙasa. Sannan ka ɗaga bolum zuwa tsakiya, ka taɓa ƙafa ta 3 da bakin sukurdireba: in sifika ta yi gurnani, IC na da rai. In ta ɗauki zafi alhali ba sauti, cire wuta nan take ka duba ko dalma ta haɗe ƙafa ta 5 da ta 6. Tsuwar da ke tasowa sai in wayar salula na kan caja, daga cajar take. Zare ta ka saurara.