Yadda za ka gane ko tirelar kwananka gyara take so ko canji

Duk wanda ya zauna a Ostireliya ya san ƙaramar tirelar nan da ake jonawa a bayan mota, in an isa daji a buɗe ta ta zama tanti da gado da ɗan kicin. In kana da ita ka san yadda abin yake, bayan ƴan tafiye-tafiye sai ka fara sha'awar sola da firij da babban tankin ruwa, kafin ka ankara kana tunanin ko ma ka sayar ka sayi wata. To dan Allah kar ka kashe ko sisi tukuna.

Fara da kai ta sikeli. Loda ta kamar tafiya za ka yi, ruwa cike, tukunyar gas, kayan abinci, komai, ka je wurin awon manyan motoci a auna maka. A kan ƙarfen jan nan na gaba akwai ɗan farantin da kamfani ya maƙala, a jikinsa inda aka rubuta "Tare" da Turanci shi ne nauyinta babu kaya, ATM kuma iyakar da aka yarda ta kai da kaya. A ce na farko kilo 900 na biyu 1400, kaga kilo 500 kenan kake da shi, kuma lita 100 ta ruwa ita kaɗai ta cinye kilo 100, batir biyu na AGM, wato masu dalma a ciki, sun kusa kilo 60, ga gas ga firij cike da nama, nan da nan sai ka ga ba sauran gurbi. In sikeli ya nuna ka riga ka kai iyaka, maganar ƙari ta mutu sai dai ragi. Ka duba littafin motarka ma don ita ma tana da iyakar abin da za ta ja, kuma nauyin da ke sauka kan ƙugiyar mota ana so ya kai kamar kashi 10 cikin 100 na nauyin tirelar. Ka lafta kaya a can baya ta rinƙa lilo a kan titi, wannan kuwa rai ne.

Daga nan shimfiɗa tabarma ka shiga ƙarƙashinta da tocila. Bi shasi a hankali, musamman inda aka yi walda da inda sifirin ya kama, ka nemi tsaga komai siririnta, ka ƙwanƙwasa inda tsatsa ta kumbura da sukundireba ka ji ko ƙarfen ya ci. Ɗaga ta da jak ka girgiza taya, in tana kwarkwar boris ne ya saki ko ya tafi, wannan ƙaramin aiki ne. Amma shasi mai tsaga gaskiya ni ba zan ba ka shawarar ka zuba mata kuɗi ba, hanya mai gargada irin Gibb River Road ta dajin yammacin Ostireliya za ta ƙarasa shi ne a inda ba gari ba bakanike. Duba birki kuma, dokar can ta ce tirelar da nauyin kan tayoyinta ya haura kilo 750 dole ta zama da nata birkin.

In waɗannan biyun sun yi kyau sai ka zauna da uwargida ku faɗi gaskiyar abin da ke damunku. In wuta ce ba ta kai safe, ko katifa, ko zif ɗin tanti, ko fitila, duk gyara ne. Batirin litiyam na 100Ah bai kai rabin nauyin AGM ba kuma ya fi shi ba da wuta, sai dai ka tabbatar cajarka ta dace da shi. Amma in yara ne suka girma wuri ya yi kaɗan, ko kun gaji da kafa tanti da naɗe shi a jiƙe, wannan ba abin da ƙari zai magance, ku sayar.

Kuɗin ƙari ba ya dawowa ranar sayarwa, shi ya sa na fi son abin da za a iya cirewa, sola mai naɗewa, firij na ɗauka, batir a akwatinsa, in ka canza tirela ka tafi da abinka. Aikin gas da wutar gida mai volt 240 kuwa ka bar wa mai lasisi, kuma duk abin da ka ƙara ka sanar da ƴan inshora kafin ka hau hanya.