Kurakuran da ƙungiyoyin unguwa ke yi wajen bibiyar kasafin ƙaramar hukuma

Kusan duk shekara sai an samu sabbin samari sun karɓi ragamar ƙungiyar ci gaban unguwa, da zafinsu da kyakkyawar niyyarsu, sun ce za su bi kadin kuɗin ƙaramar hukuma har sai an gyara musu lambatu da makaranta. Kuma ramukan da na gabansu suka faɗa, su ne dai suke faɗawa. Na gaji da maimaita magana ɗaya a ƙofar masallaci bayan la'asar, shi ya sa na zauna na rubuta. Abin da zan faɗa yadda ni nake yi ne, wani yana iya samun tasa hanyar.

Abu na farko da sabon shiga ke yi shi ne ya ga jadawalin kason wata-wata a jarida ko a waya, ya nemo sunan ƙaramar hukumarsu, ya ga ɗaruruwan miliyoyi, sai ya ɗauka ciyaman yana zaune a kan wannan kuɗin gaba ɗaya. Ku fara sanin hanyar da kuɗin ke biyowa. Abin da ke shiga asusun tarayya ana raba shi uku: gwamnatin tarayya kashi 52.68 cikin 100, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 774 kuma su raba 20.60. A harajin VAT, wato harajin da ake ɗorawa kan sayen kaya, ƙananan hukumomi na da kashi 35. A ƙa'ida jiha ma za ta ba su kashi 10 na kuɗin shigar da ta tara a cikin gida. Sai abin da ƙaramar hukuma ke tarawa da hannunta: kuɗin rumfa a kasuwa, na tasha, na mayanka, na shaguna da harajin gidaje. A yawancin ƙananan hukumominmu na Arewa wannan na ƙarshen bai taka kara ya karya ba, Abuja ake kallo.

To, sashe na 162 na kundin tsarin mulkin 1999 ya tanadi asusun haɗin gwiwa tsakanin jiha da ƙananan hukumomi, kuma ta nan kuɗin ya yi shekaru yana biyowa. Kafin ya sauka a sakatariya an cire albashin malaman firamare, da na ma'aikatan lafiya na matakin farko, da fansho, da kason masarauta, da abin da ake kira ayyukan haɗin gwiwa. Albashi kaɗai yana lashe kaso mafi tsoka, balle da aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a 2024. Ban ce ba a sata ba. Ana yi, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kason ya ƙaru sosai, don haka babu mai hujjar cewa babu kuɗi ko kaɗan. Amma in ka shiga ofishin ma'aji kana ɗaga murya da lambar da ka kwaso a jarida, a minti biyu zai zaro takardar cire-cire ya rufe maka baki, ka fita kowa yana cewa yaron nan bai san abin da yake yi ba. Ni tambaya huɗu nake yi, a rubuce: nawa ya shigo, nawa aka cire, a kan me aka cire, nawa ya rage.

Yanzu ga wanda ya fi ƙona mini rai, kuma a kansa zan daɗe. Kalmar nan ta "an sa a kasafi". Ba ta da maraba da takardar cefane: an rubuta nama da tattasai, amma ba a ɗora tukunya ba, kuɗin ma ba su shigo aljihu ba tukuna. Kasafi hasashe ne na abin da ake sa ran samu da abin da ake niyyar kashewa daga Janairu zuwa Disamba. Tsakanin layin da aka rubuta da siminti a ƙasa akwai matakai: a amince da kasafin, a saki kuɗin, a ba da kwangila, a biya kafin alƙalami, injiniyan sashen ayyuka ya duba ya sa hannu, sannan a biya ragowar. A kowane mataki aiki yana iya mutuwa ba tare da an sanar da kowa ba.

A layinmu akwai wata kwalbati da ta rufta, ruwan unguwanni biyu ke bi ta cikinta. Mun fara karo-karo, kowane gida yana kawo abin da ya sawwaƙa, don a sayi bulo da rodi a yi mata ko da gyaran wucin gadi kafin damina. Ana cikin haka kansilanmu ya zo da kwafin shafi ɗaya, ya nuna mana da yatsa: ga sunan layin, ga kwalbati, ga adadin kuɗi. Aka yi ta "Allah ya saka da alheri, Honarabul". Wani dattijo ya ce, "'Ya'yana, kada ku tsayar da karo-karon nan sai kun ga tifa ta juye yashi." Samarin kwamiti suka ce Baba ya cika zargi, ga shi a takardar gwamnati. Aka tsayar da tarin, abin da aka tara aka sayi tabarmi da fanka aka kai masallaci. Babu wanda ya sake taka ƙafa sakatariya, tunda ai an sa a kasafi.

Ruwan Agusta ya zo cikin dare. Kwalbatin ta toshe da leda da yashi, ruwa ya juyo ya bi gidaje. Katangar gidana ta baya ta kwanta, buhunan hatsin da ke ɗakin ajiya suka jiƙe suka tsiro. Maƙwabciyata, wadda ke riƙe da marayu da sana'ar ƙosai, ta wayi gari garin wakenta da itacenta duk suna yawo a tsakar gida. Da aka je tambaya, amsar ita ce ba a saki kuɗin ba. Disamba ta wuce, aikin kwalbatin ya mutu tare da kasafin shekarar, kuma a sabon kasafi babu shi, don babu wanda ya tsaya ya ce a maido shi. Har yau in na ji saurayi yana shelar "an sa mana a kasafi" kamar an gama aiki, raina ɓaci yake yi. Wa ya ce muku ku koma gida ku kwanta? Ranar da aka rubuta sunan unguwarku, ranar aikinku ya fara.

Tun daga lokacin ga yadda nake yi. Ina da littafi guda na bibiya. In aiki ya shiga kasafi, sai na rubuta lambar shafi, da sunan aikin harafi da harafi yadda aka rubuta shi, da adadin kuɗin, da sashen da ke riƙe da shi. Duk wata ɗaya daga cikinmu zai leƙa sashen ayyuka ya gaisa da mutane cikin mutunci ya tambaya, "Yallaɓai, an saki kuɗin aikin nan?" Ya dawo ya rubuta amsar da ranar. In Yuni ta ƙare babu motsi, sai mu rubuta wa ciyaman takarda da sa hannun mai unguwa da limami, mu ba kansila kwafi. In Satumba ta yi shiru, sai mu daina dogon buri a kan bana, mu koma matsa lamba a sake sa shi a kasafin baɗi. Kuma ba ma sake tsayar da aikin gayya saboda takarda. Ana yashe lambatu kafin ruwan farko, ko gwamnati ta zo ko ba ta zo ba.

Kuskuren da ke bin wannan shi ne kai koke a lokacin da bai dace ba. Za ka ga tawaga ta yi shiga ta alfarma, manyan riguna da huluna, ta nufi ofishin ciyaman a watan Maris tana roƙon rijiyar burtsatse. Ciyaman ya karɓe su da fara'a, a yi hoto, ya ce za a duba. Me zai duba? Kasafi ya riga ya wuce. Sai dai in za a yi ƙwarya-ƙwaryar kasafi, shi kuwa ba kullum ake yi ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Sassa suna haɗa buƙatunsu ne tun daga ƙarshen damina, kafin daftarin ya je gaban kansiloli, a wasu jihohin ma, kamar Kano, har sai ya biya ta majalisar dokokin jiha. Saboda haka ni a Agusta nake kiran taron unguwa, mu zaɓi abu biyu kacal. Biyu na ce. Masu kai jerin buƙatu goma sha biyar suna sauƙaƙa wa jami'i ne, ya zaɓi mafi araha ya yi, ya ce ya amsa kukan jama'a.

Akwai kuma son gini. Kowa so yake a gina sabon asibitin sha-ka-tafi ko sabon aji, saboda shi ake gani, shi ake yanka kintinkiri a kansa. Kasafi kuwa ɓangare biyu ne, manyan ayyuka da ayyukan yau da kullum, kuma na biyun ne ke biyan ungozoma, ya sayi magani da alli, ya gyara famfo in ya lalace. Ku zagaya ƙauyuka ku ƙirga gine-ginen da aka yi wa fenti aka rufe da kwaɗo, awaki na kwana a barandarsu. Kafin ku roƙi gini ku tambaya wa zai zauna a ciki, kuma daga wane layi za a biya shi. Sau da yawa gyara rufin da ke yoyo da ƙaro ma'aikaciya ɗaya sun fi sabon gini amfani, kuma sun fi sauƙin samu. Haka rijiyar burtsatse: in babu wanda aka ɗora wa alhakin gyaranta, wata shida ya isa ta zama tarihi.

Wasu kuma tun ranar 11 ga Yuli, 2024, da Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ta kuma ce kwamitin riƙo ba shi da hurumin karɓar kason, suka ɗauka an gama da asusun haɗin gwiwa. Hukunci ne mai kyau, na yi murna da shi. Amma aiwatar da shi ya yi ta jan ƙafa. Kada ka tsaya a taro kana karanta wa mutane hukuncin kotu alhali ba ka tambayi ma'ajin ƙaramar hukumarku ta wace hanya kuɗin watan jiya suka shigo ba. Ko an koma biya kai tsaye, albashin malamai da na ma'aikatan lafiya yana nan daram, daga kason nan zai fita.

Sauran ƙanana ne, amma suna ɓata tafiya. Ku san mai kowane aiki: jadawali na huɗu na kundin tsarin mulki ya ba ƙaramar hukuma kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, maƙabartu, kwashe shara, magudanan ruwa, fitilun kan titi da hanyoyin cikin unguwa, ya kuma sa ta cikin harkar firamare da lafiya da noma. Babbar hanyar tarayya ba ta ciyaman ba ce, zaginsa a kanta asarar yawu ne. Aikin mazaɓa na sanata ko ɗan majalisar wakilai daga kasafin tarayya yake fitowa, kada ku bar kowa ya lissafa shi cikin ayyukan ƙaramar hukuma, ku karanta allon da aka kafa a wurin. Koken baki ba koke ba ne. Ku rubuta, ku yi kwafi biyu, a buga muku hatimin karɓa da kwanan wata a kan naku. In kun ga layi mai cewa "gyaran hanyoyi daban-daban" babu sunan ko hanya ɗaya, ku nemi a ambaci suna, don irin wannan layin ba ya bibiyuwa. 'Yan kasuwa, kada ku biya kuɗin rumfa babu rasit, abin da ba a yanka wa rasit ba bai ga asusu ba, gobe kuma a ce muku kasuwarku ba ta kawo komai.

Sai ku masu waya. Ɗora hoton rami a Facebook da zagi yana kawo tafi, amma in lamba ɗaya ta kuskure a rubutunka, da ita za a kashe maganar gaba ɗaya, har da gaskiyar da ke ciki. Kuma don Allah ku raba ƙungiyar unguwa da jam'iyya. Ranar da aka gane cewa sakatarenku yaron wani ɗan takara ne, duk takardar da kuka kai za a karanta ta a matsayin adawa, a jefa ta ƙarƙashin fayil.

Kwafin kasafin kansa ma kada ku jira a kawo muku gida. Ku nema wurin kansila ko ofishin tsare-tsare na ƙaramar hukuma, in an yi muku yawo da hankali ku rubuta buƙatar a takarda ku ambaci dokar 'yancin samun bayanai ta 2011. Kowace jiha tana da babban mai binciken kuɗi na ƙananan hukumomi, kuma rahotonsa na shekara shi ke nuna abin da aka ce an kashe. Ni nakan ajiye kasafin shekara a hannun dama, rahoton a hannun hagu, in bi layukan da suka shafi mazaɓarmu ɗaya bayan ɗaya da jan biro, duk inda aka ce an kammala aiki sai mu hau babur mu je mu gani.