Tafiya gida Sallah daga Legas ko Abuja: yadda za ka rage wahalar hanya

Rabin wahalar tafiyar Sallah tun kafin a hau mota ake sayenta, a ranar da mutum ya tsayar da lokacin tashi. Ƙaramar Sallah ta fi rikitarwa, domin sai daren da azumi ya cika 29 ake sauraren sanarwar ganin wata daga fadar Sarkin Musulmi, kuma kowa jira yake gwamnati ta ba da hutu kafin ya ɗaure kaya. Ranar jajibiri sai ka tarar tasha ta cika maƙil, kuɗin mota ya haura, motocin kirki sun riga sun tashi, saura waɗanda aka jawo daga gareji don kasuwa ta buɗe. In kana da hali, ka tashi kwana uku ko huɗu kafin Sallah. Babbar Sallah kuwa babu uzuri, tunda ana sanin ranarta kusan kwana goma kafin ta zo. Sai dai ka sa a ranka cewa lokacin ne manyan motoci ke gangarawa Kudu da raguna, kuma in ɗaya ta lalace a ƙunƙuntar hanya, kowa ya tsaya.

Daga Legas zuwa Kano kimanin kilomita 1,000 ne, don haka ka lissafa wa tafiyar yini da kwana. Manyan hanyoyi biyu ne: ta Ibadan, Ilorin, Jebba da Mokwa, ko ta Akure, Okene, Lokoja da Abuja. Kafin ka biya, ka tambayi direban da kansa wacce zai bi, kar ka tsaya ga maganar ɗan kamasho, shi burinsa mota ta cika. Ka kuma tambayi inda dare zai same ku. Wannan tambayar ta fi ta kuɗin mota muhimmanci. Hanyar Birnin Gwari da ta Funtuwa zuwa Gusau ba na bi bayan magariba ba ne. Mai zuwa Maiduguri ya tsara tafiyarsa yadda zai bar Damaturu da sauran rana sosai. A watan Fabrairun 2020, matafiyan da suka tarar an rufe hanyar shiga gari suka kwana a Auno, a nan mahara suka same su, aka kashe mutum fiye da 30. In ka ga yamma ta yi, gara ka kwana a babban gari ka ci gaba bayan asuba.

Mai tashi daga Abuja yana da zaɓin jirgin ƙasa daga Idu ko Kubwa zuwa Rigasa, amma tikiti na ƙarewa da wuri a makon Sallah, kuma daga Kaduna akwai sauran kilomita sama da 200 kafin Kano.

Ka hau mota a cikin tasha, ka rubuta sunanka da lambar wani ɗan uwa a takardar fasinjoji, ka tura wa na gida lambar motar. Motar bakin titi ta fi arha, amma ranar da wani abu ya faru babu wanda ya san ka shige ta. Game da kujera, wadda ke kan tayar baya ita ce ke karya ƙugu, kuma a nan amai ya fi kama yara. A ƙananan motoci inda ake cusa mutum biyu a gaba ko huɗu a baya, mai juna biyu, mai goyo da dattijo su biya kujera biyu. Kuɗin da aka ƙara bai kai na maganin ciwon baya ba.

Mai tuƙa motarsa ya kai ta wajen makanike mako guda kafin tafiya, yadda in an canja wani abu za a gwada shi a gari tukuna. A duba birki, baƙin mai, ruwan lagireto, fitilu da tayar safaya. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu a jere da ke nuna mako da shekarar da aka ƙera ta: 1521 na nufin mako na 15 a 2021. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa tana ɗaukar tayar da ta wuce shekara huɗu a matsayin wadda ta ƙare aiki, ko da zanenta na nan raɗau. Tsohuwar taya, lodi mai nauyi da kwalta mai zafi, su ne ke haɗuwa ta fashe a guje. A auna iska da safe taya na sanyi. Kar a ajiye jarkar fetur cikin mota inda mutane ke zaune. Iyakar gudun motar gida a tagwayen hanya kilomita 100 ne a awa, a sauran manyan hanyoyi 80, lambar neman agajin hukumar kuma 122.

Barcin direba shi ne haɗarin da ba a cika lissafawa ba, musamman a Ƙaramar Sallah. Mutum ya kwashe goman ƙarshe yana tahajjud, ya yi sahur, ya kama sitiyari da azumi a baki; zuwa bayan azahar ido ya fara lumshewa bai sani ba. Goro, kofi da lemon ƙara kuzari jinkirta barci kawai suke yi, taramol kuwa gusar da hankali yake ƙarawa. Ka yi barcin awa bakwai a daren tafiya, ka tsaya minti 15 duk bayan awa biyu, in ka fara hamma a jere ko ka kasa tuna garin da ka wuce yanzu, ka faka a gidan mai ka runtsa na minti 20. Fasinja ma yana da bakin magana: in ka ga mota na karkata tana dawowa, ka ce, "Direba, don Allah mu ɗan tsaya mu yi alwala."

Mata da yawa kan ƙi shan ruwa gaba ɗaya saboda rashin banɗaki a hanya, su isa gida da ciwon kai da zafin fitsari. Dabarar ita ce kurɓa kaɗan-kaɗan, sannan a sha sosai idan an kusa wurin tsayawa. Guzuri ya zama busasshe: dabino, burodi, gyaɗa, kilishi, ƙuli-ƙuli. Fura da nono ko zoɓon da ya yini a rana shi ke kawo gudawa a tsakiyar daji. A riƙe ƙunshin gishiri da sukari na kemis, ana kaɗa ɗaya a lita guda ta ruwa mai tsabta. Yaro mai amai a zaunar da shi inda zai riƙa hango gaba, a karɓe waya daga hannunsa. Ƙafa na kumbura saboda dogon zama, don haka a sassauta takalmi, a riƙa juya idon sawu, a taka duk inda aka tsaya. Maganin hawan jini da na ciwon suga su zauna a jakar hannu, kar a ɗaure su cikin lodin but.

Addini ya sauƙaƙa wa matafiyi. A Malikiyya, tafiyar da ta kai mil 48, wato kilomita 80 da ɗoriya, ana ƙasaru a cikinta: Azahar, La'asar da Isha raka'a bibbiyu. Wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a inda ya sauka sai ya cika. Rangwamen ajiye azumi ma akwai shi, amma a tambayi malami sharuɗɗansa tun kafin ranar tafiya.

Kuɗi a kasa uku: na zuwa, na barka da Sallah, na dawowa. Na ukun a bar shi a banki kar a taɓa, domin bayan Sallah tsadar mota juyawa take yi ta koma kan masu gangarawa Kudu, a daidai lokacin da aljihu ya bushe. A riƙe ƙananan kuɗi a hannu, tiransifa kan maƙale inda sabis ba shi da ƙarfi. Tsaraba mai nauyi a aika ta a motar tasha mako guda kafin a tashi.

In ka isa, ranar farko ta iyaye ce da barci. Surukai, gwaggonni da abokai a raba su a sauran kwanakin, unguwa-unguwa, don kar a yini ana kai da kawowa a cunkoson hawan Sallah. Ranar komawa kuma kar ta dace da ranar ƙarshe ta hutun gwamnati, lokacin da kowa ke kan hanya. Ka riga su da kwana ɗaya, ko ka nemi izini a wurin aiki ka ƙara kwana biyu.