Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Koya wa Ɗalibai Rubutun Bayani da Ɗa'ar Intanet

Malamai da yawa sun lura cewa ɗalibi yakan ƙara himma idan ya san rubutunsa ba a teburin malami zai tsaya ba, za a wallafa shi a intanet inda 'yan ajinsu da iyaye, har da waɗanda bai sani ba, za su karanta. Sai dai babban kuskuren da ake yi shi ne raba darasin gida biyu, a koyar da rubutu yau, sannan a ware wata rana ta daban domin nasiha kan ɗa'ar amfani da intanet. A ganina darasin ɗaya ne, domin yaron da ya saba tantance magana kafin ya rubuta ta, ya kuma faɗi inda ya samo ta, ya riga ya koyi mafi yawan abin da ake so nasihar ta koya masa.

Matsalar kwafe ita ce ta fi damun malamai, kuma sau da yawa tun daga wajen ba da aikin take farawa. Idan aka ce wa ɗalibi ya yi rubutu a kan sauyin yanayi, batun ya fi ƙarfinsa, sai ya garzaya Wikipedia ya kwaso sakin layi ya liƙa, a ƙarshe a hukunta shi. Gyaran shi ne a mayar da batun tambaya guda, misali me ya sa ruwan teku yake ƙaruwa idan ƙanƙarar da ke doron ƙasa ta narke, a sa shi ya karanta aƙalla majiya biyu, ya rufe su, sannan ya rubuta amsar da kalmominsa. Hana buɗe Wikipedia ba ya magance komai. Abin da ya fi shi ne a nuna wa yara cewa tun kafuwarta a 2001 masu sa kai ne suke rubuta ta, kusan kowa yana iya gyara ta, saboda haka su riƙa gangarawa ƙasan shafi su bi majiyoyin da aka jera.

Akwai kuma cakuɗa ra'ayi da bayani, wanda gyaransa ba shi da wuya: ɗalibi ya ja layi a ƙarƙashin duk jimlar da ba zai iya nuna hujjarta ba, ya nemo hujjar ko ya cire jimlar.

Hotuna ma ana yi musu riƙon sakainar kashi, kamar duk abin da Google ya nuno ba shi da mai shi. Ya kamata yara su san lasisin Creative Commons, wato izinin da mai aiki yake bai wa jama'a su yi amfani da aikinsa bisa wasu sharuɗɗa, wanda aka fara fitarwa a 2002, su kuma san cewa yawancin nau'o'insa suna sharɗanta ambaton sunan mai hoton.

Kuskuren da ya fi tayar mini da hankali shi ne sakaci da sirrin yaro. Ana wallafa cikakken sunansa da hotonsa da sunan makarantarsa ba tare da izinin iyaye ba, alhali hoton waya yakan ɗauki bayanin wurin da aka ɗauke shi, kuma shafin da aka goge yana iya kasancewa a ma'ajiya irin ta Internet Archive. Ba a banza wata dokar Amurka ta 1998 ta wajabta wa masu shafukan intanet neman izinin iyaye kafin tattara bayanan yaron da bai kai shekara 13 ba. A nemi izini a rubuce, a yi amfani da sunan farko kaɗai, kuma malami ya duba komai kafin ya fita.

Wannan dubawar ma tana da nata kuskuren, domin wani malamin yakan gyara rubutun da kansa har muryar yaron ta ɓace. Gara a bar 'yan ajin su karanta wa juna, a koya musu cewa "ya yi kyau" ba sharhi ba ne, kowa ya nuna wurin da bai fahimta ba cikin ladabi, marubucin kuma ya gyara da hannunsa. Idan aka gano kuskure bayan wallafawa, ya gyara a fili, ya rubuta a ƙasa abin da ya canza da ranar da ya canza shi.