Kurakuran da ɗaliban jami'a suka fi yi wajen tantance labaran soshiyal midiya

Ɗalibin jami'a na yau ya iya waya fiye da malaminsa, amma iya latsa waya daban, iya rarrabe gaskiya da ƙanzon kurege daban. Binciken da masana a Jami'ar Stanford ta Amurka suka fitar a shekarar 2016 ya nuna cewa ɗalibai da yawa, har da na jami'a, suna kasa tantance sahihancin abin da suke gani a intanet. Duk wanda ya zauna a zauren WhatsApp na aji ya san cewa matsalar tana nan a wurinmu ma.

Kuskure mafi girma shi ne auna labari da kamanninsa. Ɗalibi zai ga takarda ɗauke da tambarin jami'a da sa hannun magatakarda, an ɗauko hotonta an jefa a zaure, sai ya gaskata nan take, alhali haɗa irin wannan takarda ba ya cin minti goma a kwamfuta. A yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ASUU na 2022, wanda ya fara ranar 14 ga Fabrairu ya ƙare ranar 14 ga Oktoba, an sha yaɗa sanarwar janye yajin ta ƙarya, kuma abin takaici ne a ga ɗalibi ya fara haɗa kaya da neman kuɗin mota saboda takardar da ba a san tushenta ba. Gyaran shi ne ka bar saƙon inda yake, ka buɗe wani shafi, ka nemi labarin a shafin jami'ar kanta, wanda adireshinsa yakan ƙare da edu.ng, sannan ka duba ko kafofi irin su BBC Hausa, Aminiya ko Daily Trust sun kawo shi. Babban labari ba ya maƙalewa a zaure ɗaya. Idan awa uku ta wuce babu kafar da ta ambace shi, to akwai lauje cikin naɗi.

Sai dogaro da hoto, bisa tunanin cewa gani ya kori ji. Hoton yana iya zama na gaske amma labarin da aka jingina masa ƙarya ne. Lokacin rikicin Filato na watan Yunin 2018, an yaɗa hotunan kisan gilla a Facebook, daga baya binciken BBC ya gano cewa ɗaya daga cikinsu an ɗauke shi ne a Kwango Barazabil shekaru da dama kafin rikicin. Wannan ya fi komai tayar mini da hankali, domin wanda ya tura irin wannan hoto cikin fushi yana iya zama sanadin jinin da ba zai taɓa sanin an zubar ba. Kafin ka tura, saka hoton a Google Lens, manhajar binciken hoto, ka ga inda ya fara fitowa da shekararsa. Dubi lambar mota, rubutun allunan shaguna, kakin 'yan sanda da harshen da ake ji a bidiyon, domin su ne suke tona asirin wuri. Yanzu kuma da ƙirƙirarriyar basira take kwaikwayon murya da fuska, jin muryar wani malami ko gwamna bai isa hujja ba.

Wasu kuma suna ɗaukar yawan mabiya ko shuɗiyar alamar tantance asusu a matsayin shaida, ba su san cewa a X da Facebook ana samun alamar ta hanyar biyan kuɗin wata-wata ba.

Kwaɗayin tallafin karatu shi ma ya jefa ɗalibai da yawa hannun 'yan damfara. Duk saƙon da ya ce ka tura shi zaure biyar kafin a buɗe maka fom, ko ya nemi lambar BVN da lambobin sirrin da banki ya aiko maka, tarko ne. Hukumomin ba da lamuni ko tallafin karatu irin su NELFUND da PTDF suna da shafukansu na gov.ng, kuma ka rubuta adireshin da hannunka ya fi ka latsa wanda aka turo maka.

Akwai kuma fakewa da "yadda na samu haka na turo". Wannan kalma ba ta wanke kowa. A watan Agustan 2014, saƙon da ya ce wanka da ruwan gishiri da shansa suna kare mutum daga Ebola ya zagaye Najeriya cikin dare ɗaya, akasari ta hannun masu kyakkyawar niyya, ya kwantar da mutane a asibiti, har aka samu rahoton asarar rayuka. A gida ana kallon ɗan jami'a a matsayin mai ilimi, saboda haka abin da ya tura iyaye da ƙanne suna karɓarsa hannu bibbiyu. Idan kana shakka, nemi batun a shafukan tantance labarai na Dubawa ko Africa Check. Idan kuma ka riga ka tura sannan ka gano ƙarya ce, kada ka tsaya ga gogewa a ɓoye. Koma zauren da ka jefa shi, ka faɗa a fili cewa labarin ba gaskiya ba ne, ka haɗa da inda ka samo gyaran.