Yadda za ka gane ko tsarin fayil yana ɗaukar lakabin tsaro a Linux

A kwamfutar da SELinux, wato tsarin tsaro na Linux, ke aiki, kowane fayil yana da lakabi, kamar system_u:object_r:httpd_sys_content_t:s0, kuma da shi kanel, wato zuciyar Linux, ke yanke wace manhaja za ta taɓa me. Hukumar NSA ta Amurka ce ta fitar da SELinux a ƙarshen 2000, ya shiga Linux 2.6 a 2003. Yau Fedora da Red Hat da Android duk da shi suke tafiya. Sai dai ba kowane tsarin fayil (wato yadda ake jera fayil a faifai) ke iya riƙe lakabi ba, kuma a nan nake ganin mutane suna shan wahala a banza.

Kafin komai, buga wannan:

grep seclabel /proc/mounts

Duk layin da ka ga kalmar seclabel a kai, kanel na sanar da kai cewa a wurin ana iya sa wa fayil lakabi, a kuma canza shi. Ka riƙe wannan da kyau: seclabel rahoto ne daga kanel, ba umarni ba ne daga gare ka. Na sha ganin an rubuta ta a /etc/fstab, fayil ɗin da ke faɗin yadda za a jona faifai, da fatan ta gyara al'amari. Kanel zai karɓa, ya kau da kai, komai ya zauna yadda yake.

To me ke sa ta fito? Sai abu biyu sun haɗu, kamar ƙwarya da murfinta. Na farko, tsarin fayil ɗin ya kasance yana da wurin ajiye lakabi. A ext4 da XFS da Btrfs, wurin shi ne xattr (ƙarin bayanin da ake maƙala wa fayil) mai suna security.selinux, kana iya ganinsa da idonka:

getfattr -n security.selinux /etc/passwd

Idan kai ke haɗa kanel ɗinka, ka tabbata CONFIG_EXT4_FS_SECURITY a kunne yake, in ba haka ba ext4 ma ba zai riƙe komai ba. Na biyu, kundin ƙa'idojin SELinux ya faɗi yadda za a bi da wannan tsarin. Layin fs_use_xattr yana nufin a karanta lakabi daga faifai. Layin fs_use_trans, wanda tmpfs (tsarin fayil na wucin gadi) ke amfani da shi, yana nufin a lissafo lakabi daga na manhajar da ta ƙirƙiri fayil ɗin. Duka biyun suna samun seclabel. Wanda aka bi da shi ta genfscon kuwa, lakabinsa daga kundin yake zuwa, yawanci ba ya samu, sai 'yan kaɗan da kanel ya ware da suna, irin su sysfs da debugfs.

Gwada da filashi mai vfat, wato tsarin FAT. Jona shi, ka buga ls -Z. Hotuna, takardu, waƙoƙi, duk lakabi ɗaya za ka gani, dosfs_t. Nemi canza na fayil guda da umarnin chcon, amsar ita ce "Operation not supported". Filashin lafiyarsa ƙalau, FAT ne ba shi da inda zai rubuta. Shi ma restorecon, umarnin da ke mayar wa fayil lakabinsa na ƙa'ida, yana duba /proc/mounts, ya tsallake duk inda babu seclabel, shi ya sa wani lokaci yake gamawa shiru ba tare da ya gyara komai ba.

Mafita a nan ita ce lakabi ɗaya ga faifan gaba ɗaya:

mount -o context="system_u:object_r:httpd_sys_content_t:s0" /dev/sdb1 /srv/shafi

Amma ka sani, da zarar ka sa context=, ko ext4 ne, seclabel ba za ta fito ba, kuma chcon ya daina aiki a wurin. Ni dai ba na sa shi a faifan da ke iya riƙe lakabinsa, domin ka mai da fayil dubu tamkar guda ɗaya ke nan.

NFS, tsarin raba fayil tsakanin kwamfutoci, sai da ya jira fasali na 4.2, wanda tallafin lakabinsa ya shiga Linux 3.11 a 2013. A sabar, ƙara security_label a /etc/exports; a ɗaya ɓangaren, jona da vers=4.2.

Kai kuma mai rubuta sabon tsarin fayil a cikin kanel, aikinka ya fi yawa. Ka tanadi karantawa da rubuta xattr na rukunin security, sannan duk lokacin da ake ƙirƙirar fayil ko folda ka kira security_inode_init_security(), don lakabin ya shiga faifai tare da inode ɗin, wato bayanan fayil ɗin. Wannan kiran kada ka yi wasa da shi: fayil ɗin da aka haifa babu lakabi, wata rana shi zai toshe wa wata manhaja hanya, mai kwamfutar ya rasa dalili. Bayan nan sai a ƙara layin fs_use_xattr na tsarinka a kundin ƙa'idoji. Idan ka jona seclabel ba ta fito ba, buga dmesg ka nemi saƙon SELinux mai cewa "has no xattr support". In ka gan shi, kundin ya yi nasa, gyaran yana cikin abin da ka rubuta. Hukuncin kansa yana cikin selinux_is_sblabel_mnt() a security/selinux/hooks.c, gajere ne, ka buɗe ka karanta.