Yadda Tsibirai Maƙwabta Ke Haɗa Kai Wajen Kula da Gaɓar Teku

Kano ba ta da teku, amma matsalar raba ruwa ɗaya da maƙwabci ba baƙuwa ba ce a nan. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, manoma da masuntan Haɗeja da Nguru suka san cewa abin da aka yi wa ruwa a sama, na ƙasa ne ke ɗanɗana kuɗarsa. Yashin teku da kifinsa ma haka suke. Ɗaliban ilimin ƙasa a Jami'ar Bayero, da ma'aikatanmu da aiki kan kai su Legas ko Boni, ko zama da wakilan tsibirai irin su Sao Tome, ga yadda ake ɗora aikin.

Da farko, a bi yashi, kada a bi iyaka

Raƙuman ruwa ba sa dukan gaɓa kai tsaye, a karkace suke zuwa, saboda haka kullum suna tura yashi gefe guda. A gaɓar Afirka ta Yamma daga yamma yake tafiya zuwa gabas. Duk wanda ya miƙa katangar duwatsu cikin teku, yashi zai taru a yammacinta, na gabas da shi kuma teku ya cinye masa ƙasa. Abin da ya faru da Tsibirin Biktoriya ke nan bayan an gina katangun mashigar tashar jiragen ruwan Legas a farkon ƙarni na 20. Tashar Lome ma ta yi wa garuruwan gabashinta haka tun daga 1968, har sai da Togo da Binin suka dawo suna aikin kare gaɓarsu tare.

Don haka a zana taswira: ina yashin ke fitowa (bakin kogi ne ko duwatsun murjani na cikin teku), ina yake bi, ina yake zubewa. Duk wanda ke kan wannan hanya dole ya samu kujera, har da sarakunan ruwa da masu haƙar yashi.

Na biyu, awo iri ɗaya

Nan ne yawancin haɗin kai ke mutuwa, domin kowa yana zuwa taro da alƙaluman da ba za a iya kwatanta su da na maƙwabci ba. Alhali awon ba ya buƙatar na'ura mai tsada. A samu sanduna biyu masu tsawon mita ɗaya da rabi, a yi musu zanen santimita, a haɗa su da igiya mai mita 2. A kafa turken siminti can baya, inda ruwa ba ya kaiwa. Daga turken ake farawa: mutum ɗaya ya riƙe sandar baya, ɗayan ya ja igiya ta miƙe ya kafa ta gaba wajen teku. Na baya ya saita kan sandar da ta fi ƙasa da layin da teku ya haɗu da sama, ya karanta bambancin tsawo a kan ɗaya sandar. A rubuta, a matsa gaba, har bakin ruwa.

A yi wannan sau ɗaya a wata, lokacin da teku ya fi janyewa, wato wajen tsayuwar wata ko daren sha huɗu. Kurakuran da aka fi yi uku ne: turke kusa da ruwa har guguwa ta tafi da shi, igiya ta saki, da yanke hukunci daga awon wata biyu ko uku. Gaɓa kan rame a lokacin manyan raƙuma ta sake cikowa. Sai an zagaye shekara, an kuma, kafin a ce zaizaya ce ta gaske.

Na uku, doka ɗaya wadda za a iya tilastawa

Dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982 ta ba kowace ƙasa ikon arzikin ruwa har mil 200 na teku, kimanin kilomita 370. Ƙaramin tsibiri ba shi da jiragen sintirin da za su tsare wannan faɗi, kuma in ya tsaurara shi kaɗai, jiragen kamun kifi sai su koma wajen maƙwabcin da ya fi araha. Ƙasashe takwas na tekun Fasifik da ke cikin yarjejeniyar Nauru ta 1982 sun toshe wannan kafa: suna ƙayyade jimillar kwanakin kamun kifin tuna a shekara, su raba a tsakaninsu, kowa ya sayar da nasa, amma ba ƙasa da farashin da aka amince ba. Ana bin jiragen ta tauraron ɗan'adam, da jami'in sa ido a cikin manyan jiragen koma. A ganinmu wannan ya fi kundin ƙudurori hamsin da babu mai bibiya.

Na huɗu, itatuwan ruwan gishiri

Mangurof, wato itacen da ke tsira a ruwan gishirin bakin teku, na rage ƙarfin raƙuma, kifi kuma na hayayyafa cikin saiwoyinsa. Amma dashensa na yawan lalacewa, don ana kafa shi a fili mai laka da ke ƙasa da matsakaicin tsayin teku, inda ruwa ke shanye shi yawancin yini. Wurinsa tsakanin matsakaicin tsayi ne da iyakar cikar teku. Kafin a sayi ko tsiro ɗaya, a duba abin da ya kashe na farko. In titi ne ko shinge ya toshe shigar ruwa, buɗe hanyar kawai kan sa irin ya dawo da kansa. A yankin Neja Delta kuma sai an yi fama da kabar nipa, wadda aka shigo da ita Kalaba a 1906, take mamaye duk inda aka sare.

Haƙar yashi don gini, ita ma a hana ta lokaci guda a duk yankin, a kuma nuna wa magina inda za su samu wani. In ba haka ba, tifofi da kwale-kwale za su koma aikin dare.

Na biyar, takarda da kuɗi

Ba sai an ƙirƙiro sabuwar hukuma ba. Gaɓar yammacin Afirka tana da yarjejeniyar kare muhallin teku ta Abijan ta 1981, gabashi da tsibiran tekun Indiya suna da ta Nairobi ta 1985. A rataya aikin a jikinsu, a rubuta wa zai riƙe bayanan awo, wa zai biya albashin masu yinsa bayan tallafin waje ya ƙare, da wa'adin sanar da maƙwabci kafin a gina wata katanga. Inda iyakar ruwa ke da gardama, kada a tsaya jiran a warware ta. Najeriya da Sao Tome sun ajiye tasu a 2001, suka mai da wurin yankin haɗin gwiwa, Najeriya na da kashi 60 cikin ɗari na arzikin wurin, Sao Tome 40.